Awon jinin mai ciki: lambar da ta isa a Maraɗi ba lalle ta isa a Tamanraset ba

Yau za mu duba wata magana da ake yawan ji a bakin gidan likita: "An ce ba ta da jini." Duk macen da ta je awon ciki aka ɗibi jininta, akan rubuta mata wata lamba a takarda ko cikin karnen awo. Wata ta ga 9, wata 10,5, wata 12. Yanzu kuma da waya ta sauƙaƙa zumunci, sai ƴar'uwa da ke zaune Tamanraset ko Jos ko Ɗa'if ta ɗauki hoton takardarta ta turo gida ta WhatsApp, a kwatanta da ta ƙanwarta da ke Tasawa, a ce mata: "Ai ke jininki ya fi nata, ki kwantar da hankalinki."

To, a nan ne kuskure ke shiga. Wannan lamba ba a karanta ta ita kaɗai. Sai an san abu biyu: watan cikin nawa, da kuma tudun garin da macen take zaune. Lambar da za ta sa ungozoma a Maraɗi ta ce lafiya lau, ita ce ɗin za ta iya ɓoye ƙarancin jini a jikin macen da ke zaune kan tsauni.

Mene ne ake aunawa?

Idan aka ce mace ba ta da jini, ba ana nufin jinin ya ƙafe kamar ruwan randa ba. Abin da ya ragu shi ne wani sinadari da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira emogulobin. Shi ne ke ba jini jan launinsa, kuma aikinsa dako ne: yana ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta kowane lungu na jiki, har zuwa mabiyiya inda ɗan da ke ciki yake karɓar rabonsa. Ɗan tayi ba ya numfashi da kansa. Duk iskar da yake rayuwa da ita, jinin uwarsa ne ke kai masa.

A cikin ɓargo ake ƙera waɗannan jajayen ƙwayoyi, kuma kowace takan yi kwana kamar 120 kafin ta mutu a maye gurbinta. Babban kayan aikin ƙera su shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan lafiya a ƙasarmu suke ce wa fer, sai wasu bitamin irin su asid folik. Idan kayan aiki suka yi kaɗan, ko kuma wata cuta tana farfasa ƙwayoyin tun kafin lokacinsu, sai emogulobin ya yi ƙasa.

A takardar awo za ku ga an rubuta Hb, sannan lamba, sannan g/dl. Ma'anarsa garam nawa na emogulobin ke cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jini. Wasu ɗakunan awo kuma da lita guda suke lissafi, sai su rubuta 115 maimakon 11,5. Duk abu ɗaya ne.

Cikin da kansa yana sauya lambar

Macen da ba ta da ciki, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce idan lambarta ta gaza 12 tana da ƙarancin jini. Mai ciki kuwa an sassauta mata, kuma akwai dalili. Da zarar ciki ya zauna, jiki yakan ƙara yawan jini da sama da lita ɗaya domin ya wadaci mutum biyu. Amma ruwan jinin ya fi saurin ƙaruwa: shi yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, jajayen ƙwayoyi kuwa da kashi 20 zuwa 30 kawai. Kamar fura ce aka ƙara mata ruwa: ƙwaryar ta cika, amma kaurin ya ragu. Wannan tsinkewar ba cuta ba ce. Ita ce ma ke sa jini ya gudana cikin sauƙi zuwa mabiyiya, kuma ta fi yawa a tsakiyar ciki.

Shi ya sa a sabuwar ƙa'idar da OMS ta fitar a shekarar 2024 aka raba iyakar kashi uku. A wata uku na farko, abin da ya gaza 11 ƙarancin jini ne. A wata uku na tsakiya, wato daga na huɗu zuwa na shida, iyakar ita ce 10,5. A wata uku na ƙarshe a koma kan 11. Duk lambar da ta gaza 7 kuwa, a kowane wata ne, wannan ƙarancin jini ne mai tsanani, ba a kwana da shi a gida.

Abin da tudu ke yi wa jini

Yanzu mu zo kan tudu. Ana auna tsayin gari ne daga bakin teku. Duk yadda mutum ya ƙara hawa sama, iska na ƙara sakwarkwacewa, kowane numfashi yana shigo da oksijin kaɗan fiye da na ƙasa. A tudun mita 2400, abin da mutum ke shaƙa bai wuce kashi uku bisa huɗu na abin da zai shaƙa a bakin teku ba. A mita 3600 kuwa kusan kashi biyu bisa uku ne.

Ku ɗauka rijiya ce wadda guga ke fitowa bai cika ba. Mai gidan da ke son randunansa su cika sai ya ƙara yawan masu jan ruwa da masu dako. Haka jiki ke yi. Ƙoda ce ke fara jin cewa iskar da ke iso mata ta ragu, sai ta saki wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyi. Cikin makonni emogulobin ya hau. Saboda haka mutumin tsauni mai cikakkiyar lafiya lambarsa ta fi ta mutumin gangare mai cikakkiyar lafiya. Ba don ya fi shi cin abinci mai kyau ba, sai don yana buƙatar masu dako da yawa kafin ya samu abin da na gangare ke samu da kaɗan.

Kun ga ke nan, idan macen tsauni ta zo da lambar da ta yi daidai da ta macen gangare, to ita a haƙiƙa tana da giɓi. Ga ciki na jan lambar ƙasa, ga tudu na jan ta sama, sai ɗaya ya rufe ɗaya, ƙarancin jinin ya ɓuya a tsakani.

Lissafin da likita ke yi

Domin kauce wa wannan, OMS ta tsara jadawali: a ɗauki lambar da awo ya nuna, a cire wani abu gwargwadon tudun garin da macen ke zaune, sannan a kwatanta da iyaka. Ga yadda yake a ƙa'idar 2024:

Ƙasa da mita 500: ba a cire komai.
Mita 500 zuwa 999: a cire 0,4.
Mita 1000 zuwa 1499: a cire 0,8.
Mita 1500 zuwa 1999: a cire 1,1.
Mita 2000 zuwa 2499: a cire 1,4.
Mita 2500 zuwa 2999: a cire 1,8.
Mita 3000 zuwa 3499: a cire 2,1.
Mita 3500 zuwa 3999: a cire 2,5.
Mita 4000 zuwa 4499: a cire 2,9.

A tsohon jadawali na shekarar 2011 ba a fara cire komai sai an kai mita 1000, kuma a nan ma 0,2 kawai ake cirewa, alhali a mita 4000 har 3,5 ake cirewa. Wato sabon ya ƙara wa masu matsakaicin tudu, ya rage wa na can ƙololuwa. Ƙasashe kan ɗauki lokaci kafin su koma kan sabuwar ƙa'ida, don haka kada ku yi mamaki idan lissafin wani likita ya ɗan bambanta da na wani.

To mu ina muka faɗa? Yamai tana wajen mita 200. Maraɗi da Tawa ba su kai mita 400 ba. Damagaram ta ɗan fi su, amma ita ma ba ta cika 500 ba. Ke nan a mafi yawan garuruwanmu na kudu, abin da takarda ta nuna shi ne abin da ake da shi, ba ƙari ba ragi. Agadas ta ɗan haura mita 500. Amma a tsaunukan Abzin akwai ƙauyuka kan dutsen Bagzam da ke sama da mita 1500, kuma can ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, mita 2022. A ƙetare kuwa, inda ƴan'uwanmu da yawa ke zaman neman abinci ko karatu, Jos tana wajen mita 1200, Ngaundere a Kamaru ta haura 1000, Tamanraset a Aljeriya ta haura 1300, Ɗa'if a Saudiyya ta kusa 1900, Abha ta haura 2200, Adis Ababa a Habasha kuma ta haura 2300.

Lamba ɗaya, garuruwa biyar

Mu ɗauki misali. Mace ce mai cikin wata takwas, an auna ta an samu 11,5, wato sha ɗaya da rabi. Iyakarta 11 ce.

Idan a Maraɗi take, ba a cire komai. Tana da 11,5, ta tsallake. Ta ci gaba da shan ƙwayoyinta na rigakafi.

Idan a Tamanraset ko Jos take zaune, a cire 0,8, saura 10,7. Ta faɗa cikin ƙarancin jini, kodayake mai sauƙi ne.

Idan a kan Bagzam ne ko Ɗa'if, a cire 1,1, saura 10,4.

Idan a Abha ne ko Adis Ababa, a cire 1,4, saura 10,1.

Idan kuwa a birnin La Paz ne na ƙasar Bolibiya, can Kudancin Amurka, wanda ke wajen mita 3600, a cire 2,5, saura 9. Wannan ya wuce mai sauƙi, ya shiga matsakaici, sai an yi mata magani sosai kafin ranar haihuwa.

Takarda ɗaya, hukunci daban-daban. Shi ya sa muka ce kada a yanke wa ƴar'uwa hukunci daga hoton waya. Ita ma idan ta je awo a can, ta tambayi likita ƙarara: wannan lambar, an yi la'akari da tudun garin nan?

Inda masana ke ja-in-ja

Wannan lissafi bai raba gardama duka ba, domin ba dukan mutanen tsauni ne jikinsu ke amsawa iri ɗaya ba. Al'ummomi uku aka fi nazari a kansu: mutanen tsaunukan Andes a Peru da Bolibiya, mutanen Tibet a ƙasar Sin, da mutanen tuddan Habasha. Na Andes jininsu kan yi kauri sosai. Na Tibet kuwa, waɗanda kakanninsu suka shafe dubban shekaru a sama, emogulobin ɗinsu ba ya hawa haka, jikinsu ya samu wasu hanyoyin, kamar yawan numfashi da buɗewar hanyoyin jini. A shekarar 2010 masu bincike suka gano cewa wannan abu gado ne da ke cikin halittarsu. Amharawan Habasha su ma nasu bai cika hawa kamar na Andes ba. Saboda haka jadawali ɗaya zai iya yi wa wasu daidai, ya yi wa wasu yawa.

A Peru, likitoci da dama sun daɗe suna ƙorafin cewa tsohon jadawali yana cire abu da yawa, har ana lissafa mata masu isasshen ƙarfe a jiki cikin marasa jini. Nazarin da aka yi kan matan can ya kuma nuna cewa kaurin jini idan ya wuce kima shi ma matsala ne: matan da lambarsu ta haura 14,5 sun fi fuskantar haihuwar ɗa ƙarami ko wanda ya zo babu rai. Dalili a fili yake. Kunu mai kauri ba ya bin bututu da sauƙi. Jini mai kauri ba ya ratsa ƙananan hanyoyin mabiyiya yadda ya kamata. Ban da haka, an lura cewa nauyin jarirai kan ragu da kamar garam 100 a duk hawan mita 1000, kuma hawan jinin masu ciki ya fi yawa a tudu.

Darasin da ke nan ya shafe mu mu ma: ba a cewa duk yadda lamba ta yi sama haka ta fi kyau. Tsaka-tsaki ake nema.

Mu na gangare, namu a fili yake

Kada mai sauraro a Gidan Rumji ko Mirriya ko Madawa ya ce wannan zancen mutanen dutse ne. Mu da babu tudun da ke ɗaga mana lamba, matsalar ta fi fitowa ƙiri-ƙiri. OMS ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019, mata masu ciki 37 cikin 100 a duniya suna da ƙarancin jini. A Nijar, babban binciken lafiyar al'umma na shekarar 2012 ya samu kusan rabin matan da ke shekarun haihuwa da wannan matsala.

Abu na farko da ke kawo shi, ƙarancin ƙarfe. Ciki ɗaya yana cin kimanin garam ɗaya na ƙarfe daga jikin uwa: wani ya tafi ga jariri da mabiyiya, wani ga ƙarin jininta, wani ya zube ranar haihuwa. Garam ɗaya kamar ba komai ba, amma mata da yawa suna shiga ciki rumbunsu wayam. Idan aka yi kunika, ciki bisa ciki, rumbun ba ya samun damar cika. Haka yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama girma ba, ita da ɗanta suke rabon abin da bai ishi ɗaya ba.

Na biyu, zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ne ta farfasa su, kuma a jikin mai ciki takan maƙale a mabiyiya ko da macen ba ta jin masassara. Mai cikin fari ta fi kowa shiga haɗari. Daga tsakiyar damina zuwa kaka ne abin ya fi ƙamari.

Na uku, tsutsar ciki mai tsotsar jini a hanji, da tsargiya ga masu aiki cikin ruwan tabki da fadama. Na huɗu, amosanin jini, wato sikila, wanda gado ne, kuma maganinsa daban yake da na ƙarancin ƙarfe.

Me ya sa ake tsoron ƙarancin jini? Domin babu haihuwar da ba a zubar da jini. Mace mai lamba 12 za ta iya zubar da rabin lita ta tashi. Mai lamba 7 wannan rabin litar ce za ta iya tafiya da ita. Ga kuma haihuwar bakwaini, da jariri maras nauyi, da gajiyar da ke hana uwa shayarwa da aikin gida.

Hawan jini ba yawan jini ba ne

Akwai wani ruɗani da ya kamata mu warware. Wasu idan an ce mace tana da hawan jini, wato tansiyo, sai su ɗauka jininta ne ya yi yawa, har su hana ta shan ƙwayoyin ƙarin jini. Abu biyu ne daban. Hawan jini ƙarfin bugun jini ne a jikin jijiyoyi, da abin ɗaurawa a dantse ake auna shi. Ƙarancin jini kuwa sai an ɗibi jini ake gane shi. Mace ɗaya za ta iya samun duka biyun lokaci guda. Don haka likita kaɗai ke cewa a dakatar da magani.

Haka nan duba cikin ido da tafin hannu yana taimakawa, amma sai abin ya yi nisa yake nunawa. Mace za ta iya kasancewa da lamba 9 idonta bai yi fari ba. Awon jini ne ke faɗin gaskiya, kuma an so a yi shi a awon farko, da tsakiyar ciki, da dab da haihuwa.

Mai dawowa gida da mai tafiya

Al'adarmu ce mace ta dawo gidan iyayenta goyon ciki ko wankan jego. Wadda ta sauko daga Tamanraset zuwa Kance ko Matamai ta san abu biyu. Na farko, lambarta za ta iya raguwa cikin makonnin da suka biyo baya, domin jiki ya daina ƙera ƙarin da tudu ya sa shi. Don haka takardar can ba ta wadatar ba, ta je CSI mafi kusa a sake auna ta, ta kuma faɗa wa ungozoma daga inda ta fito da lokacin da ta iso. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: tun shekarar 2019 OMS ta tabbatar da cewa Aljeriya ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Wadda ta yi shekaru a inda babu cutar, garkuwar da jikinta ya saba da ita tana raunana. Idan ta dawo gida da ciki ana tsakar damina, sauro ya samu nama. Daren farko ma a cikin gidan sauro za ta kwana.

Ita kuma mai niyyar hawa, mace mai lafiyayyen ciki galibi ba ta samun matsala a matsakaicin tudu irin na Jos ko Tamanraset. Amma mai ƙarancin jini, ko hawan jini, ko sikila, ta nemi shawarar likita kafin ta ɗaura kaya. Mai sikila musamman, ƙarancin iska yana iya tayar mata da ciwo.

Abin da za a yi

A fara awo da wuri, tun cikin wata uku na farko, ba sai ciki ya fito ba. Tun 2016 OMS ke ba da shawarar mace ta gana da ma'aikatan lafiya sau 8 kafin ta haihu.

A sha ƙwayar ƙarin jini kullum, wadda ta haɗa ƙarfe da asid folik, tun daga farkon awo har makonni 6 zuwa 12 bayan haihuwa. A ƙasashen da matsalar ta yi yawa irin tamu, miligaram 60 na ƙarfe ake ba mai ciki a rana, wadda aka samu da ƙarancin jini kuma likita kan ninka mata. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Idan tana sa tashin zuciya, a sha ta da dare ko bayan an ɗan ci abinci. Zancen cewa ƙwayar tana sa ɗa ya yi ƙaton da ba zai fito ba, babu gaskiya a cikinsa. Abin da take yi shi ne ba uwa ƙarfin naƙuda. A ɓoye ta inda yara ba su kai ba, domin yaron da ya haɗiye ta da yawa guba ce gare shi.

A karɓi maganin rigakafin masassara, wanda aka fi sani da Fansidar, daga wata na huɗu, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. A sha maganin tsutsar ciki idan an bayar, shi ma bayan wata uku na farko. A kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare.

Ta fannin abinci, ƙarfen da ke cikin nama, hanta da kifi jiki ya fi saurin ɗauka, ko da kaɗan ne aka samu. Wake, daddawa, zogale, rama, tafasa da alayyafo su ma suna da shi. Gero kansa yana da ƙarfe, sai dai akwai abin da ke riƙe shi cikin tsabar. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami kamar yadda ake yi wa koko yana sakin sa. Akwai ma irin gero mai suna Chakti, wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT ta samar aka fitar da shi a Nijar a shekarar 2018, mai ƙarfe fiye da na gargajiya. Abu mai tsami irin lemun tsami, gwaiba, tumatir ɗanye da garin ɗan kuka yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfen. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci ko ƙwaya. Jan launin zoɓo ko na lemun kwalba ba shi ne jini ba. Wadda kuma ta ji tana kwaɗayin cin ƙasa ko ƙanƙara, ta faɗa wa ungozoma, sau da yawa alamar ƙarancin ƙarfe ce.

Ga alamun da ba a jira da su: haki ko da tana zaune, bugun zuciya da ƙarfi, jiri har ta faɗi, fari fat a ido da harshe, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, zazzaɓi, ko zubar jini kowane iri. Duk wadda aka ga ɗaya daga ciki, a nemi mota ko amalanke a kai ta likita a ranar.

Magidanta, wannan kaso naku ne. Ku ne masu ba da izinin zuwa awo, ku ne masu cefane. A ajiye wani abu tun ciki na ƙarami saboda kuɗin mota, a kuma san tun da wuri ƴan'uwa biyu ko uku da za su ba da jini idan an buƙata, domin ranar da ake neman jini ba ranar fara shawara ba ce. Ƴan'uwa na ƙetare masu aiko da kuɗi, idan kun kira gida ku tambaya: ta je awo? Nawa aka samu? Tana shan ƙwayar? Na gida kuma idan takarda ta zo daga can, a tambayi mai ita watan cikinta da garin da take, sannan a ce mata ta koma wajen likitanta a yi mata lissafin da ya dace da wurin.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa.